Neman kalmar Hausa: me za mu ce maimakon "yi fos" wajen ɗaukar hoto?

Mai_Kyamara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu ɗaukar hoto sun saba cewa "yi fos", daga kalmar Turanci ta pose. Da zarar an faɗa wa mutum haka sai ya sandare: kafaɗu su ɗage, wuya ya shige ciki, murmushi ya koma yaƙe. Ina neman kalmar da za ta nuna yadda ake ajiye kai, kafaɗa, hannu da ƙafa kafin a danna. Ni "tsayuwar hoto" ce ta zo mini.

Baban_Fassara:
Wa alaikumus salam. Malam, tsayuwar hoto ba ta wadatar ba. Wanda ke zaune fa, ko wanda ya jingina da bango? Wasu za su ce "yanga", to amma yanga nuna kai ce, babu dattijon da zai yarda a ce masa ya yi yanga.

Uwar_Haske:
Ni dai "daidaita jiki" na zaɓa, don aikin ke nan, gaɓa bayan gaɓa. Daga ƙafa ake farawa, ba daga fuska ba. Mutum ya ɗora nauyinsa a kan ƙafar baya, ya karkata kafaɗunsa kamar digiri 45 daga kyamara, sannan ya juyo da fuska. In ya fuskanci kyamara sak, jiki yakan fito da faɗi kamar hoton fasfo. Haɓa kuma a ɗan turo ta gaba, a sauke ta kaɗan, layin muƙamuƙi zai fito, naman ƙasan haɓa ya ɓoye. Kada damtse ya manne da haƙarƙari, don yakan baje ya yi kauri. Hannu shi ne babban ciwon kai. A ba shi aiki, ko gyara agogo, ko riƙe gefen riga, ko a sa babban yatsa a aljihu.

Dan_Sutudiyo:
Na yarda da Hajiya, da sharaɗin kada a yar da "jiki", domin ana daidaita kyamara, ana daidaita haske. Kuma akwai abin da ke gabansa, wanda Hausa ta riga ta raɗa wa suna: sakin jiki. Minti 10 zuwa 15 na farko na hira ne, hotunan lokacin galibi ba su ake zaɓa ba. Idan kafaɗa ta ƙi sauka, a ce mutum ya ja dogon numfashi ya sauke, a danna daidai lokacin saukewar.

Tazara ma tana taimakawa. Da gilashin kyamara mai milimita 85, wato irin mai jawo abu kusa, ana tsayawa kamar mita 2 zuwa 3, mutum ba ya jin an tsaya masa a ka. Mai milimita 24 kuwa, wato irin mai ɗauko fili da faɗi, sai an matso sosai, sai hanci ya yi girma, kunnuwa su ja baya. A buɗe ƙofar shigar haske ta gilashin sosai, wajen f/2.8, don bayan hoto ya dushe, a sa saiti a idon da ya fi kusa, saurin ɗauka kuma kada ya gaza 1/200 na daƙiƙa tunda ana motsi ana dariya. Rana tsaka ba lokacin wannan aiki ba ne, ido yakan runtse, inuwa ta cika kwarminsa. A nemi inuwa, ko awa ɗaya kafin faɗuwar rana.

Baban_Fassara:
To ta zauna ke nan. Aikatau: daidaita jiki. Idan ana son suna, a ce salon daidaita jiki, misali "mun ɗauki salo uku, biyu a zaune, ɗaya a tsaye".

Mai_Kyamara:
Madalla, na gode. Saura wannan ɗan farin ɗigon haske da ke fitowa a ƙwayar ido idan mutum ya fuskanci taga. "Ƙyallin ido" zai yi?