Kanwa ta cinye min gindin gona, wa ya taɓa wanke tasa ta dawo?

Manomin Kadawa:
Slm jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah ina neman wanda abin nan ya taɓa faruwa da shi da kansa. Gonata tana ɓangaren Kadawa ruwan Tiga muke sha, shekara uku kenan can gindin gonar wajen da ya fi kwari idan ka je da sassafe sai ka ga kan kunya ya yi fari fat kamar an barbaɗa gari, ko kamar rigar da gumi ya bushe a jikinta, na ɗanɗana da harshe wani ɗaci ɗaci bauri bauri. Tumatir idan na dasa a wurin sai bakin ganyen ya ƙone ya tsugune, ga ruwa a gindinsa amma yana yaushi kamar mai ƙishirwa. Bara na ce ko yunwa ce na ƙara masa yuriya wlh kamar na zuba masa wuta. Wurin yana ta ƙara faɗi, da fangali huɗu ne yanzu ya fi ashirin. Wanda ya gwada wani abu ya faɗa mana, ko ya yi nasara ko bai yi ba.

Abban Walid:
Malam cika ta da ruwa kawai ka bar shi ya kwanta sati biyu zai wanke, gishiri ai ba ya jure ruwa

Ɗan Auyo:
Abban Walid ka yi haƙuri amma wannan shawarar ita ta cinye min shekara guda cur. Ni ma haka aka ce min na ɗaure bakin fangali na cika su taf na bar ruwa ya kwanta, farin ya ɓace na ce alhamdulillahi an gama, ana shiga zafin Maris ruwa na janyewa sai ga shi ya dawo har ya fi da. Wani dattijo maƙwabcina Allah ya jiƙansa ya ce min yaro ka taɓa ganin matarka ta yi wanki ta bar kayan a cikin bahon har ruwan ya ƙafe ta ce sun fita? Ya sa na ɗauko diga muka haƙa rami a tsakiyar wurin, ko gwiwa ba mu kai ba ruwa ya fara tsattsafowa. Ya ce to ka gani cikin gonarka a ƙoshe yake, ruwan da kake zubawa ba shi da hanyar fita, rana ce take tsotso shi sama ta sha ruwan ta bar maka gishirin a fuska.

Da muka bi magudanar da ke ƙasan gonakinmu sai muka tarar kachala ta cike ta ƙam, duk wanda ya san yankin Haɗeja zuwa Nguru ya san ciyawar nan ba ta da imani, wani wurin ma mu manoma da kanmu muka cike magudanar muka shuka a kai saboda kwaɗayin kunya biyu uku. Mu goma sha ɗaya muka yi gayya kwana shida muna sara muna yashe laka, ƙafata har yanzu da tabon da matsattsaku suka bar min. Bayan nan na ja ƙananan lambatu biyu a cikin gonar zurfinsu ya kai ƙugu suka faɗa cikin babbar, ruwan da ya fara fita ranar farko na ɗanɗana ba ya haɗiyuwa. Daminar farko na dasa shinkafa don ita tana zama cikin ruwa ruwan kuma yana ta sauka da gishirin, ba ta yi wani kyau ba gsky, shekara ta biyu na sa alkama da rani ta yi, sai a ta uku na koma tumatir. Ka fara haƙa ramin nan tukun kafin ka kashe ko sisi.

Malamin Gona:
Ɗan Auyo ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Abin da muke haɗawa mu kira kanwa iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. Akwai ƙasa mai gishiri zalla, wannan tana shan ruwa lafiya, in akwai magudana ruwa kaɗai ya isa. Akwai kuma wadda sinadarin sodiyam ya kama lakarta, ita ce ta kanwa ta ainihi, in ta jiƙe ta yi santsi kamar sabulu ruwa ya kwanta a kai kwana da kwanaki bai shiga ba, in ta bushe ta koma fako fartanya na tsalle, wani lokaci har baƙi baƙi take yi a sama kamar an zubar da baƙin mai. Wannan ko Tiga gaba ɗaya ka juye mata ba za ta wanku ba sai an fara buɗe ta.

Gwajin gida: ka samu kofin gilashi ka zuba ruwan sama ko na leda, ka ɗauki ɗan busasshen curin ƙasar kamar ƙwayar gyaɗa ka saka a hankali kada ka motsa. In ya ruguje ya kwanta ruwan na nan garau to da sauƙi, in kuwa ka ga wani hazo kamar an ɗiga madara yana tashi a gefensa to sodiyam ne. A ɗakin gwaji muna cewa ƙasa ta zama mai gishiri in awon EC, wato ma'aunin yawan gishiri, ya wuce 4, in kuma pH, ma'aunin tsami da kanwa, ya haura 8.5 muna zargin kanwa. A awon EC ɗin nan, albasa tun daga 1.2 take fara rage amfani, masara 1.7, tumatir 2.5, shinkafa 3, alkama kuwa sai wajen 6, dawa ta ɗan fi ta ma. Shi ya sa barin tumatir zuwa ƙarshe da Ɗan Auyo ya yi ya yi daidai ko da bai san lissafin ba.

Yawan ruwan wanki kuma, ƙa'idar da muke bi a gurguje ita ce in kana son wanke santimita 30 na saman ƙasa to sai ruwa mai zurfin santimita 30 ya ratsa ta ya fice ta ƙasa, zai tafi da kamar kashi 70 zuwa 80 na gishirin. A hekta ɗaya lita miliyan 3 kenan, kun ga wanda ke ja da inji da kuɗin fetur ya gwammace ya shirya gona ya jira ruwan Agusta ya yi masa kyauta, ga shi babu ruwan da ya kai na sama tsabta.

Mai Albasa daga Ƙonni:
Assalamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan namu ya ɗan bambanta, ni garkata ba ta cikin inda ruwan baraj, wato dam, ka zuwa, da rijiya nike ban ruwa da moto, kuma ashe ruwan rijiyar ne da kainai ad da gishiri, mutum na sha ya ji ɗan zartsi kaɗan ya ce ba komi. Shekara da shekaru muna zubawa rana na shanyewa. Abin da munka yi ni da ƙanena, kahin damana munka kankare hwarin da ke bisa da shebur munka kwashe cikin amalanke munka kai nesa, munka daidaita fangali sosai don in wuri guda ya yi tudu nan gishirin duk zai taru, munka ɗaga kunyar gefe don ruwan sama ya tsaya ciki kar ya gudu. Kuma na lura in ka ba ruwa kaɗan ka bari ya tsotse kwana ukku huɗu ka sake ba, ya hi wankewa bisa ga ka cika lokaci guda. Sannan mun bar dashe bisa ƙoƙuwar kunya, ga kwiɓinta muka sawa ƙasa ƙasa, don hwarin can bisa yaka tsayawa, ku duba da idonku gobe da sahe ku gani. Albasa ta dawo amma ba kamar lokacin mahaihinmu ba, kuma kowace shekara sai an sake, tunda rijiyar ba ta canza ba.

Malamin Gona:
Alhaji na Ƙonni abin da ka lura da shi haka yake, ba da ruwa kashi kashi ya fi wanki kuma ya fi tattalin ruwa nesa ba kusa ba, don yana ratsa cikin ƙasar a hankali maimakon ya bi tsaga ya wuce. Batun rijiya kuma bari na ba ku lissafi ku ji tsoro. Ruwan da awon EC ɗinsa ya nuna 1 yana ɗauke da kamar miligiram 640 na gishiri a kowace lita, in ka ba hekta ruwan santimita 80 a rani ɗaya ka zuba mata sama da tan 5, wato buhu 100 irin na taki. Ruwan Tiga ba haka yake ba, yana da daɗi, shi ya sa nake zargin matsalar mai tambaya daga ƙasa take tasowa.

Maman Hanifa:
Ni dai kuskurena zan faɗa don kada wata ta maimaita. Ɗan lambu ne gare ni a bayan gida na alayyahu da latas a Gashuwa, da ya fara fari aka ce na zuba toka wai tana kashe gishiri, duk tokar murhun gidanmu da ta maƙwabta na tara na zuba, ashe ni da hankalina na manta da tokar nan muke tace ruwan da muke sawa a miya in babu kanwa, kanwa na ƙara wa kanwa. Sai da na kwashe saman na kawo ɓuntun shinkafa da kashin shanu wanda ya ruɓe sosai na cakuɗa, na riƙa rufe fangalin da kara da ciyawa don kada rana ta riƙa bugun ƙasar tsirara, to shi ne ya ɗan farfaɗo. Kashin kaji ma ku yi a hankali da shi a irin wurin nan yana da zafi.

Bafike:
Tunda Malam ya ambaci mai sodiyam, irinta na yi fama da ita. Maganinta jifsam, farin dutsen nan da ake haƙa a wajenmu Fika ana kai wa masu siminti, akwai shi a Sakkwato ma wajen Dange da Shuni. Na sayo ɗanye na sa aka daka aka tankaɗe, aiki ne ja don in bai yi laushi ba shekara zai yi bai narke ba, na watsa na bi da garma sama sama na saki ruwa. Bayan ban ruwa na uku na ga abin mamaki, wurin da ruwa ke kwana huɗu a tsaye ya koma tsotsewa a yini ɗaya. Amma ku ji, ba abin mudu ba ne, tan tan ake magana a hekta, ni rubu'in eka kawai na iya yi. Kuma ku kula wani mai shago ya taɓa sayar wa abokina farar ƙasa ta shafen ɗaki ya ce duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne wlh.

Malamin Gona:
Ko kusa. Jifsam sinadarin kalsiyam ɗin cikinsa ne yake ture sodiyam daga jikin laka sai ruwa ya tafi da shi, in babu magudana kuwa ka tura shi ne kawai ya tsaya a bakin ƙofa. A Indiya akwai cibiyar bincike a garin Karnal tun 1969 aikinta kenan, da jifsam da shinkafa da alkama suka dawo da filaye masu yawa da aka yanke ƙauna da su.

Ɗalibi a Masar:
Ba manomi ba ne ni amma na je ƙauyen wani abokin karatuna a yankin Delta, inda kogin Nilu ke shiga teku, na ga wasu rijiyoyin kankare a tsakiyar gona na leƙa na ga ruwa na gudu ta bututu, ya ce ai duk ƙarƙashin gonakin bututu ne masu huji huji a binne suna kwashe ruwa zuwa babbar magudana. Tun da aka gama dam ɗin Aswan a 1970 ambaliyar Nilu da ke wanke musu ƙasa duk shekara ta tsaya, ga noma rani da damina, sai gwamnati ta shiga binne bututun. Ba ya cin fili kamar lambatu.

Baba na Bakin Tabki:
Ku yaran nan kowa na ba da labarin nasara bari ni na ba da na faɗuwa. Tawa a cikin kwari take kamar ƙwarya, duk ta inda ka duba tudu ne, na haƙa lambatu na kashe kuɗin bijimi guda amma ruwan ina za shi? Wuri ɗaya ne mai gangare kuma gonar wani ce, na fasa na tura can, kafin wata biyu barkononsa ya ƙone ya kai ni gaban mai unguwa, kuma da gaskiyarsa, na biya na toshe. Na gwada jan ruwan da inji ina zubarwa nesa fetur ya gagare ni. Yanzu na bar wurin, rabi na sa dabino guda takwas suna nan suna girma abinsu, rabi awaki ke lasa sun huta da sayen kanwa. Kafin ka ɗauki diga ɗana ka tsaya ka ga inda ruwan zai ƙare da kuma gonar wa zai bi.

Abban Walid:
To na janye tawa, ashe da sauran karatu. Allah ya ba da lada

Manomin Kadawa:
Jama'a na gode Allah ya bar zumunci, ga abin da na samu. Jiya bayan la'asar na haƙa ramin da Ɗan Auyo ya ce, da safe na koma na sa sanda na auna, daga baki zuwa ruwa kamu biyu da ɗan yatsa uku ne kacal. Gwajin kofi kuma na yi guda biyu, na bakin wurin ruwan ya tsaya garau, na tsakiya ya yi hazon nan na madara, kenan duka biyun gare ni. Na bi magudanar da ƙafa har inda ta haɗu da babba, gonaki huɗu ne tsakanina da can kuma a biyu daga ciki an shafe ta an dasa albasa a kai, ɗaya ta ƙanin surukina ce shi ya sa tun ɗazu nake juya yadda zan fara maganar. Na dai faɗa wa shugaban ƙungiyarmu ta masu shan ruwa ya ce mu haɗu ranar Asabar bayan an cire albasar. Bafike dan Allah in za ka shigo Kano ka riƙo min ko rabin buhu ne na dakakken na gwada a fangali biyu na tsakiyar, Malam kuma ka ce min lambatun cikin gona taku nawa zan bari tsakanin ɗaya da ɗaya, ƙasar tawa laka ce mai ɗan yashi.