Neman shawara: zaman shagon kofi na cinye min kuɗin tallafin karatu a Yogyakarta

Ɗalibi a Yogyakarta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a Indunusiya da tallafin KNB na gwamnatinsu. Abokan karatuna mutanen kirki ne, amma rayuwarsu kaf a shagon kofi take. Ana tashi daga lacca sai a hau babura a tafi nongkrong, wato zaman hira, wani lokaci har tsakar dare. Can ake aikin rukuni, can ake jin labarin jarrabawa. Biya kuma da waya ake yi ta QRIS, ba ka ma jin fitar kuɗin. Kafin ƙarshen wata aljihuna ya bushe, har wani ya ce in buɗe SPayLater na Shopee, manhajar sayayya ta intanet, in saya yanzu in biya daga baya. In janye jikina ne, ko yaya zan yi?

Tsohon ɗalibin Bandung:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, kada ka janye. Su a wajen hirar nan ake ƙulla zumunci, wanda ba ya zama sai a ɗauke shi mai girman kai, kuma yaren ba zai zauna a bakinka ba. Wurin zaman za ka sauya. Ai Yogyakarta garin angkringan ne, 'yan amalanken nan da ake kafawa da yamma a bakin titi, ana sayar da shayi da 'yar shinkafa ƙunshe a ganyen ayaba. Kuɗin kofi ɗaya na shagon gayu ya ishe ka cin abincin dare a can. Ka riga su yin gayyata, za su biyo ka, don yawancinsu ma lallaɓawa suke yi da ɗan abin da iyaye ke turo musu.

Wata uwa:
Ɗana, sigari nake jiye maka. Ƙasar na cikin waɗanda maza suka fi shan taba a duniya, ga kretek ɗin nan tasu mai kanumfari, ƙamshinta kawai na jan mutum. In an miƙo maka ka ce ka gode, ka tsaya a kan haka tun ranar farko.

Ɗan kasuwa mai zuwa Jakarta:
Malam, batun bashin nan ka bar shi kwata-kwata. Daga sayen kaya bashi ake zarcewa rancen waya da suke kira pinjol, kuma ya jefa matasansu da yawa cikin bala'i. Masu ba da rancen da ke da rajista da OJK, hukumar da ke kula da harkokin kuɗi, ba a yarda su taɓa lambobin da ke wayarka ba, amma na bayan fage kwashe su suke yi. Ranar da ka makara, sai su bi abokanka da malamanka da kira da cin mutunci. Baƙo mai zaman takardar karatu ina shi ina wannan? Ga kuɗin ruwa kuma.

Tsohon ɗalibin Bandung:
Ƙari a kan haka, ka leƙa Masallacin Jogokariyan da asuba. Matasa ne ke riƙe da hidimarsa da yawa, da azumi kuma dubban mutane ake ciyarwa kyauta. Za ka samu wasu abokan da zama da su bai buƙatar ko sisi.

Ɗalibi a Yogyakarta:
Allah ya saka da alheri. Bashi kam na fasa. Akwai angkringan kusa da ɗakin da nake haya, gobe in sha Allahu can zan ja su mu yi aikin rukunin.