An zaɓe ni shugaban reshe, za a tura ni taro Indiyanapolis

Bakatsine a Ohayo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji uku a wata jami'a a nan Ohayo, kuma an zaɓe ni shugaban reshen ƙungiyarmu ta 'yan'uwantakar ɗalibai, irin masu suna da harufan Girkanci. Makaranta za ta biya mana kuɗin zuwa taron shugabanni na AFLV, ƙungiyar da ke horar da shugabannin irin waɗannan ƙungiyoyi, a Indiyanapolis. Ba na so in je in sha kallo in dawo hannu rabbana. Abin da ya fi hana ni barci kuma, Baba ya ji labari ya kira ni, wai ashe ƙungiyar asiri na zo yi Amurka. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka.

Yaya a Shikago:
Wa'alaikumus salam ƙanina, Allah ya taya riƙo. Na je lokacin ina ma'ajin reshenmu na mata. Lacca ake yi da yawa a lokaci guda, ɗaki-ɗaki, don haka ku raba kanku, kada ku bi juna kamar jela. Da dare ku haɗu kowa ya faɗi abin da ya samo.

Kai dai kada ka bari zaman da ake yi kan azabtar da sabbin shiga ya wuce ka. A nan nauyinka yake. A 2017 wani yaro ɗan shekara 19 ya rasu a jami'ar Penn State: an ɗura masa giya daren karɓarsa cikin ƙungiya, ya faɗo daga matakala, 'yan ƙungiyar tasu suka bar shi kwance kusan awa 12 kafin su kira agaji. An gurfanar da shugaban reshen a kotu. Tun Disambar 2024 akwai dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i su riƙa bayyana irin waɗannan laifuffuka. Kai ba ka sha, amma sa hannunka ne a takarda idan reshe ya shirya biki. Ka tambaya wa ake kira, kuma wace kariya jiharku ta ba wanda ya kira motar asibiti.

Ka tafi da rigar sanyi mai kauri da dardumarka. Ni ɗakina nake komawa in yi Azahar lokacin cin abinci.

Malam na Samaru:
Ɗana, kada ka ga laifin mahaifinka. Ƙungiyar ɗalibai ta Pyrates da su Wole Soyinka suka kafa a Ibadan a 1952 da kyakkyawar niyya ta fara, amma waɗanda suka biyo baya gatari suka ɗauka, mun ga gawarwaki a jami'o'inmu. Tambayata ɗaya: akwai rantsuwar da ake yi a ɓoye? In akwai, me ka rantse da shi?

Injiniya a Hustan:
Malam ya yi tambaya mai kyau, kuma gaskiya yawancinsu suna da bikin karɓa da ba a nuna wa bare. Kai ka san abin da ka furta, ka kai wa malamin masallacinku ya duba maka. Bambancin shi ne waɗannan na Amurka suna da rajista, makaranta ta san sunan kowa, akwai jami'in da ke sa ido a kansu. Ka faɗa wa Baba Azikiwe da Nkrumah duk 'yan wata ƙungiya irin taku ne mai suna Phi Beta Sigma tun suna karatu a nan. Musulmi ma sun kafa tasu, Alpha Lambda Mu, a Dalas a 2013. Ka tura masa jadawalin taron da hoton jami'in da zai raka ku.

Ban yarda da Yaya a abu ɗaya ba: hirar baranda ta fi lacca amfani. Ka nemi shugabannin da membobinsu ba sa biyan kuɗin ƙungiya ka ji yadda suke karɓa ba tare da an ɓata ba.

Bakatsine a Ohayo:
Na gode ƙwarai. Malam, alkawari ne na riƙon amana da taimakon juna, amma zan kai wa liman ranar Juma'a. Yaya, akwai abincin halal ko in yi guzuri?

Yaya a Shikago:
Ka rubuta buƙatarka a fom ɗin rajista tun yanzu. Duk da haka ka sa dabino da gyaɗa a jaka.