Albasar Galmi tsakanin rufe iyaka da ruwan sama: me kuke gani a wajenku?

Mai garka, Madawa:
Assalamu alaikum. Lokacin zuba iri ya matso, kuma mai garka tun yanzu yake yanke shawara ko albasar ajiya zai noma ko wadda za a ɗora a kamiyo da an cire. Aikinsu ba ɗaya ba ne, tun daga taki har ban ruwa. Direbobi, dillalai, malaman gona, kowa ya faɗi abin da ya sani ta ɓangarensa, mu haɗa lissafi.

Dillali, Tsarnawa:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da za ka fara sa wa a lissafi shi ne hanya na iya rufewa dare ɗaya. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba ta buɗe Illela ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a nan Nijar, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, ba a ɗage ba sai 24 ga Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris. Gadar Gaya da Malanbil kuwa Benin ta buɗe gefenta, namu gefen ya zauna a rufe har aka shiga 2025.

Duk lokacin da haka ta faru, kasuwa abu ɗaya take yi. A Kumasi da Akara buhu ya yi tashin gwauron zabo, a nan ya faɗi, alhali albasar ɗaya ce. Ratar ba manomi ke ci ba, ba kuma mai miya a Gana ba: hanya ce ke cinye ta. Mai saye daga Gana in ya zo, sai ya cire kuɗin mota, kuɗin shingaye da buhunan da yake zaton za su ruɓe, abin da ya rage shi yake tayawa. Ga kuma canji. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656, ba ta motsi. Sidi, kuɗin Gana, ya faɗi warwas a 2022, naira kuma aka sake ta a Yunin 2023, daga wajen 460 a dala ɗaya ta Amurka ta haura 1.500 a farkon 2024. Ko ba ka ƙara tamma ɗaya a buhunka ba, a wurin Bagane ko Basakkwace albasarka ta yi tsada. Shi ya sa masu saye suka koma son bashi, su biya rabi, sauran sai an sayar. Wanda zai ba da kaya haka, ya rubuta bashin da sefa, gaban shaidu, kada ya yarda a rubuta da sidi ko naira.

Direban kamiyo, Birnin Ƙonni:
Alhaji ya faɗi gaskiya, bari in ƙara ta hanya. Tsohuwar hanyar Gana ita ce Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Yamai, Torodi, Makalondi, Kancari, Fada, Kupela, Bitu, a shiga ta Bawku. Rashin tsaro tsakanin Torodi da Fada ya kore mutane daga nan, aka koma Doso, Gaya, Malanbil, a ratsa Benin da Togo. Da gadar ta rufe a 2023, motocin albasa suka yi cirko-cirko a bakin iyaka har kaya ya soma zubar da ruwa. Daga nan hanya ta rabu. Wasu su bi Tera, Dori, Kaya, Wagadugu cikin jerin gwano da rakiyar soja, kuma ayari ba ya tashi sai ranar da aka ce, kana iya kwana da kwanaki da kaya a mota kana jira. Wasu su sauke a Gaya a tsallaka kogi da kwalekwale a sake lodi a can. Wasu su zaga ta Najeriya su faɗa Benin ta Segbana.

Kowace saukewa asara ce. Babban buhun albasa ya haura kilo 100, ƴan dako ba sa ajiye shi, jefa shi suke. Wadda ta bugu ba ta nuna komai ranar, sai bayan kwana uku huɗu wurin ya yi laushi ya fara wari, ta ɓata na kusa da ita. Mota tana tafiya iska na ratsa buhu, ba matsala. In ta tsaya a rana ƙarƙashin tampol, tsakiyar lodi ke ɗaukar zafi, kayan ya yi gumi. Abin da ake yi: in tsayuwa ta wuce yini, a yaye tampol da dare, a ɗaga shi kan sanduna da rana don inuwa ta samu iska ta wuce. Kada a lulluɓe da leda sai in hadari ya taso, kuma da ruwa ya ɗauke a cire. A shimfiɗa katako ko kara a gindin bodi, don ƙarfe na ƙona layin ƙasa. Kuma mai kaya ya daina matsa wa direba ya ƙara buhu. Dokar nauyi ta 2005 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yankinmu masu amfani da sefa, na nan, in sikeli ya kama ka, tara da kwanan da za ka ɓata sun fi ribar buhunan da aka ƙara.

Mai fiton kaya a duwan, Yamai:
Akwai abin da mutane ke cakuɗawa. Nijar, Mali da Burkina sun fita CEDEAO, ficewar ta tabbata 29 ga Janairun 2025, amma ba su fita UEMOA ba. Kodibuwa, Togo da Benin duk ƴan UEMOA ne, saboda haka albasar da za ta Abijan ko Lome tana nan kan tsohuwar yarjejeniya, amfanin gona ɗanye ba ya biyan kuɗin fito. Gana da Najeriya ba sa cikin UEMOA, abin da ya haɗa mu da su tsarin CEDEAO ne. Ita CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar kayanmu kamar da har sai ta ba da wata sanarwa. Ke nan rangwame ne na wucin gadi, ba haƙƙi ne da aka sa wa hannu ba. Dalilin da ya sa abin ke da nauyi: a jadawalin fito na bai ɗaya da CEDEAO ta fara aiki da shi a Janairun 2015, albasar waje tana layin sama, kashi 35 cikin 100. Wannan katangar ce ke kare albasar Galmi daga ta Holan a kasuwannin bakin teku. Ranar da Gana ta ɗauki tamu a matsayin ta waje, mu ma bayan katangar za mu tsaya.

A takardu, wadda ta fi tsayar da mota ita ce shaidar lafiyar tsiro. A karɓe ta kafin a tashi, lambar mota da yawan buhu su yi daidai da na takardar duwan. In an sauya mota a hanya, kamar yadda direba ya ce ana yi a Gaya, lambar ta saɓa, kuma nan ne ake samun ƙofar tatsar mutum.

Malamin gona, Tawa:
Yaya mai garka, ga amsar tambayarka kai tsaye. Tunda hanya ba ta da tabbas, a noma wadda za ta iya jira. Wadda aka yi don ajiya ana iya sayar da ita nan take, amma wadda aka ɗura wa taki da ruwa don cika buhu ba ta ajiyuwa ko an so.

Iri kilo 4 zuwa 5 ya ishi hekta ɗaya. Ya yi kwana 40 zuwa 50 a wurin reno, a dasa sa'ad da ya kai kaurin fensir. Tazara santimita 10 zuwa 15. In ka buɗa ta fi haka za ka samu manyan kawuna masu kaurin wuya, su ne kuma farkon ruɓewa. Matsakaiciya mai siririn wuya ita ce ta rudu, wato rumbun ajiyar albasa. Takin gargajiya ya zama ruɓaɓɓe, a sa takin zamani 15-15-15 wajen dashe. Yuriya kuwa a tsayar da ita da zarar kai ya fara kumbura. Yawancin ruɓar da ake ɗora wa damina, yuriyar ƙarshe ce ta haife ta: tana sa ganye ya yi ta fitowa, wuya ya ƙi rufewa, ruwa da cuta su samu hanya. Duk wadda ta yi zangarniya a ware ta, a sayar ko a ci, ba ta zama a ajiya.

In rabi zuwa kashi biyu cikin uku na ganye ya kwanta da kansa, a yanke ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin cira. Kada a taka ganyen don a gaggauta. Bayan cira a jera ta, ganyen wannan layi ya rufe kawunan wancan, ta sha iska mako ɗaya ko fiye, don ranar Afrilu kai tsaye dafa ta take. Wajen yanke ganye a bar wuya santimita 3 zuwa 4. Rudu ya ɗaga daga ƙasa kamar kamu ɗaya, rufin ya zarce bango don feshin ruwa, kada a tula ta da zurfi. Duk mako biyu a shiga a tsince mai laushi da mai baƙin gari a ƙarƙashin ɓawo.

Lissafin ajiya kuma shi ne, misali ka zuba buhu 100 a Afrilu ka fitar da 65 a Satumba, sai farashi ya ƙaru da fiye da rabi kafin ka mayar da abin da za ka samu ranar cira, ban da kuɗin ƴan tsinta. A shekarar da hanya ke buɗe yakan ninka fiye da haka, shi ya sa ake yi. A shekarar da kowa ya ajiye don dole, kowa kuma zai fitar lokaci ɗaya. Ka tuna ta Agadas na shigowa kasuwa daga ƙarshen damina.

Dattijo mai garka, Galmi:
Malam, karatunka daidai ne, amma ajiya ta wanda ba a binsa bashi ce. Mafi yawan masu garka taki da mai da kuɗin ƴan dashe a hannun ɗan kasuwa suke karɓa, a biya da buhu ranar cira, a farashin ranar, wato mafi ƙasƙanci a shekara. A da, wake ne ke fid da mutum: ka sayar da shi a Oktoba ga masu kai wa Najeriya, ka shiga rani da kuɗinka. A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi da wake in ba zuwa Mali da Burkina ba. Mai sayen tiya a gari ya ji daɗi, ba na musu, bayan tsadar da aka sha. Amma jarin garka ne ya ragu, mutum ya koma wurin mai bashi. Haka aka hana fitar da dabbobi gab da layyar 2025, ragon da ake turkewa don kasuwar waje ya tsaya a gida. Ba a ce kada hukuma ta kare talaka ba. A dai riƙa faɗi kafin mutum ya zuba iri ko ya sayi ɗan rago, ba bayan ya gama kashe kuɗi ba.

Makanikin injin ban ruwa, Tamaske:
Baba, ga kuma ta ruwa. Injin da ke zaune a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa. Babban inji ba ya magance wannan, mai kawai zai ƙara sha. A fadamun da garka ta yi yawa, ruwa na sauka daga Fabrairu, daidai lokacin da kai ke cika. Alamarsa inji ya riƙa tari, tiyo na fitar da kumfa. Mafita ta kusa a haƙa rami mita 2 zuwa 3 a gefen rijiya a saukar da injin, a kare bakin ramin kada ya rufta, kuma kada mutum ya zauna ciki inji na aiki, hayaƙin na kisa. In ruwa ya fi haka nisa, sai famfon da ake zurawa cikin rijiya, mai aiki da hasken rana.

Mai ma siyasa ta taɓa shi. Garkokin bakin iyaka da isansin ƴan ruwa-ruwa suka girma. Da Najeriya ta cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, arhar ta ƙare, kowa ya dawo kan na gida, matatar SORAZ kuwa ganga 20.000 take tacewa a rana. An ga layin mai a Maris 2025, tsakiyar ban ruwan ƙarshe. Da yawa sun mayar da injinsu na gas. Yana aiki, amma gas ya fi sa inji zafi: a duba bawul akai-akai, a canza baƙin mai da wuri, a sa tiyon gas na gaske, ba na ruwa ba.

Inda aka yi aikin tare ruwa a kan tudu, ramukan tassa da na rabin wata da shingen dutse da ƙananan madatsai a cikin ƙorama, irin wanda aka fara a Keita a 1984, rijiyoyin ƙasa da wurin sun fi daɗewa da ruwa. Inda ba a yi ba, ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ke kwaso yashi ya binne rijiya da garka tare.

Hajiya mai albasa da gabu, kasuwar Katako, Yamai:
Ƴan uwa, kada a manta daminar 2024. Ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a ƙasar nan, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har babbar hanyar shigowa Yamai daga gabas ta yanke a Agusta. Buhunan da suka iso a lokacin, ka kwance baki ka ga sama lafiya, tsakiya ta zama kunu. Mai saye ya zura hannu har gwiwar hannu ta gefen buhu, ya shinshina, kada ya tsaya ga ta saman da aka jera don ado. Wadda ta fara laushi amma ba ta yi wari ba, a yanka ta sirara a shanya kan tabarma a sama, ba a ƙasa ba, ta bushe ƙarau kafin a ɗaure. Busasshiya da gabu ba su san rufe iyaka ba, suna kai wata da watanni.

Malamin gona, Tawa:
Hajiya ta tuna mini da iri. Irin albasa shekara biyu yake ɗauka: kawunan da aka ajiye tun Afrilu su ake sake dasawa bayan damina su yi fure, a girbe iri da rani. In rudu ya ruɓe a damina mai ruwa kamar waccan, iyayen iri ne suka tafi, ƙarancin kuma sai shekara mai zuwa yake bayyana, lokacin da gauraye da tsohon iri ke cika kasuwa. Irin albasa in ya shekara ƙarfinsa ya ragu sosai. Kafin ka biya, ƙirga ƙwaya 100, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan kwana 10 zuwa 12 ka ƙirga masu tsiro. In ba su kai 70 ba, ko ka ƙara yawan irin da za ka zuba a rage maka kuɗi, ko ka nemi wani.