Wani kamfani ya yaba ƙirƙirata, yanzu yana neman kuɗi: in biya?

Sabon_Maƙeri:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ina fama da wata 'yar na'ura da ke rufe bakin tukunyar gas da kanta in ta fara yoyo. Na tura wa wani kamfani da na gani a intanet zanenta, kwana uku suka kira ni, wai ba su taɓa ganin irinta ba. Suna so in biya kuɗin nazarin kasuwa, sannan su samo min takardar mallakar ƙirƙira ta duniya baki ɗaya. Kullum sai sun kira, wai rangwamen ya kusa ƙarewa. Zuciyata ta kasu biyu.

Tsohon_Injiniya:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, riƙe kuɗinka. Babu wata takardar mallaka da ta game duniya. Kowace ƙasa ko yanki ke ba da tata, galibi ta shekara 20. A tsarin PCT, wato yarjejeniyar ƙasashe kan neman takardar mallaka a ƙarƙashin WIPO, hukumar duniya mai kula da mallakar ƙirƙira, buƙata ɗaya kake shigarwa, ya ba ka kusan wata 30 ka zaɓi ƙasashen da kake so, amma shi ba ya ba da takardar. Wanda ya ce maka akwai ta duniya baki ɗaya, ko bai san aikin ba ko ya san abin da yake yi.

Ka tambaye su a rubuce: mutum nawa suka yi wa aiki, nawa ne suka ci ribar da ta fi abin da suka biya? A Amurka dokar 1999 ta tilasta wa irin waɗannan kamfanoni faɗin wannan adadi kafin a sa hannu.

Maman_Biyu:
Ni na biya, ɗan'uwa. Littafi mai kauri suka aiko, sunan kayana kawai suka cusa a ciki. Da na fara tambaya, wayar ta daina shiga. Yabon nan shi ne tarkon, kowa haka suke gaya masa.

Tsohon_Injiniya:
Na manta: kafin komai ka shiga Espacenet ko Google Patents, shafukan intanet na binciken takardun mallakar ƙirƙira, kyauta ne, ka duba ko an riga ka. Lauya kuma ka nemi mai rajista a ofishin mallakar ƙirƙira na ƙasarka, ko ka je cibiyar TISC, wato cibiyar tallafa wa masu ƙirƙira, in akwai kusa. Kuma kada ka ɗora hotonta a Facebook tukuna; a Turai hakan kaɗai na iya hana ka takardar.

Sabon_Maƙeri:
Na gode, Baba. Jiya na kwana a Espacenet, na ga uku masu kama da tawa, amma marufinsu ba irin nawa ba ne. Shi zan kai wa lauya. Mutanen kamfanin sun sake kira ɗazu, na aika musu tambayar, har yanzu shiru.