Me ya sa jama'a ke ƙin sabon kundin tsarin mulkin da su da kansu suka nema?

Ɗan Makaranta: Salamu alaikum. Don Allah a fahimtar da ni, ta yaya mutane za su yarda a rubuta sabon kundi, sannan in an gama su yi fatali da shi a ƙuri'ar raba gardama?

Malam Mai Nazari: Wa alaikumus salam. Dubi ƙasar Chile. A 2020 kusan kashi 78 cikin ɗari suka amince a rubuta, aka zaɓi wakilai 155 a 2021. Daftarin ya fito da sashe 388, amma amsa ɗaya ce tak: e ko a'a. Duk wanda sashe guda ya sosa wa rai, sai ya ƙi duka. Ga shi an wajabta fita zaɓe a Satumban 2022, waɗanda ba su zaɓi wakilan ba suka fito, kusan kashi 62 suka ce a'a.

Hajiya Lauya: Gaskiyarka Malam, amma ƙofar gyara ma tana da muhimmanci. Kundin Amurka na 1787 amincewar jihohi 9 cikin 13 ya buƙata. Da gardama ta yi zafi a jihar Massachusetts, sai aka amince bisa fahimtar za a ƙara gyare-gyare, guda goma suka tabbata a 1791.

Baba Dattijo: Ɗana, rabon iko shi ne kan gaba. Kenya ta ƙi daftarin 2005 saboda ya bar wa shugaban ƙasa ƙarfi da yawa, ta karɓi na 2010 da ya sauko da iko zuwa gundumomi 47.