Neman shawara: ina so in mayar da tsohuwar 504 Coupé motar tsere irin ta da

Ɗan Ali Ɗan Sofo: Assalamu alaikum ƴan uwa, musamman manyanmu makanikai. Kawuna ya bar mini wata Peugeot 504 mai ƙofa biyu, wadda ake ce wa Coupé, ta farkon shekarun 1970, mai fitilu huɗu a gaba. Ta daɗe ajiye ƙarƙashin rumfa a gidansa. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 2, mai anjeksiyon, kuma ba ya tashi. Akwai tsatsa a ƙasan ƙofofi, amma gilasai duka lafiya lau.

Burina in shirya ta kamar motocin da suka yi tsere bisa kwalta a Turai, irin na Targa Florio a tsibirin Sisiliya: a sauke ta ƙasa, a cire parshok gaba da baya, a zana farar da'ira da lamba a ƙofa, a sa karburater Weber biyu, da ƙarafan kariya a ciki, da salansa mai murya. Shin in gyara injinta ne ko in nemi V6, wato inji mai silinda shida? Har ina zan iya sauke ta? Kuma daga ina ake farawa?

Baba makanike: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya ba ka abin da mutane ke nema da kuɗi su rasa. Maganata ta farko, kar ka bari kowa ya kusanci jikin motar nan da abin yanka. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikin kuma ya ƙera shi, ta fi 504 ta gida, mai ƙofa huɗu, gajarta, kuma ƙofa, kafo, gilashi, fitila, babu wanda za ka ciro daga 504 ɗin da muka sani ya zauna mata. In gilashin gaba ya fashe, ba Maradi ba, ko Kano ka je sai ka sha wuya. Parshok ɗin kuwa kwance shi za ka yi da sifana, ka naɗe ka ajiye a ɗaki.

Inji shi ne mai sauƙi. Danginsu ɗaya da na 504 da 505 da suka cika ƙasar nan, waɗanda aka yi ta haɗawa a Kaduna tun 1975. Piston, shimiz, juwan kulas, famfon ruwa, duk ana samu. Inda gizo ke saƙa shi ne famfon anjeksiyon, Kugelfischer ake ce masa. In ya kwana shekaru da tsohon mai a ciki yakan ƙame, kuma masu iya daidaita shi sun yi ƙaranci. Ni da tawa ce, sai in ɗora mata karburater Solex na 504 ta gida da bututunsa, ta fara tafiya tukuna. Famfon a wanke shi, a sa a kwali. Kar a sayar wa masu awon ƙarfe, wata rana shi ne darajar motar.

Yaron garaji: Baba, a gafarce ni, amma Solex a motar tsere? Yaya, ka nemi V6 na 604 ko na 505 ka ɗora. Ai kamfanin da kansa ya sa wa Coupé V6 mai lita 2.7 daga 1974. Ko ka sa injin Toyota ka huta da wahala gaba ɗaya.

Baba makanike: Yaro, ya sa, gaskiya ne, amma da radiyater ɗinta da bwat ɗinta, wato akwatin giya, da birkin da aka auna mata. V6 ya fi nauyi a gaba, ga shan mai, ga zafi, mu kuma a watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40. Toyota kuwa sai an yanka an yi walda, don 504 sandar da ke kai ƙarfi baya a cikin bututu take tafiya, daga bwat har pon, wato giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya. Ba a haɗa ta da baƙon bwat cikin sauƙi. In yana son ƙari, bwat mai giya biyar na 505 ya fi masa amfani bisa hanyar Zinder.

Direban Tasawa: Malam, zancen saukewa nake so in taɓa. A ina za ka tuƙa ta? In ka fito daga gida yashi ne kafin ka hau kwalta, da damina ruwa ya kwanta a unguwa, in ka ɗauki hanyar Gazawa ko ta Ɗan Isa kowane gari da tudun rage gudu. Motar da aka sauke, kartar mai ce za ta fara gaisawa da su. Masu yanka resor don mota ta kwanta, ka bi su bayan wata shida ka ga yadda tayoyi suka cinye gefe guda. Sa sabbin amortiser masu tauri, ka canza duk robobin ƙafa, ka bar ta a tsayinta.

Mai bin tarihin tsere: Ni abin da ya ba ni mamaki, ɗan uwa, kana riƙe da motar da ta yi suna a Afirka kana neman kwaikwayon Sisiliya. 504 ta gida ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, Ove Andersson na tuƙi. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da 504 Coupé V6, a shekarar kuma ya ci tseren Bandama na Kodebuwa da ita. Nemi hotunansu ka duba. Motocin a tsaye suke, ba a kwance ba, da manyan fitilu zagayayyu a gaba, da farantin ƙarfe ƙarƙashin inji, da robar tare laka bayan tayoyi, da lamba a ƙofa. Wannan shiri ya dace da zamaninta, ya dace da hanyoyinmu, kuma duk tsohon direban da ya gan ta a tasha zai san abin da yake kallo. Fitilun Cibié irin na da ake nema, in ba a samu ba akwai masu kama da su.

Weber kuma, in ka matsa sai ka sa, to kar ka bar bakinsu buɗe kamar yadda kake gani a hotunan Turawa. Hunturu guda na ƙurar nan ya isa ya cinye zoben piston. Sai da akwatin tace iska mai kyau.

Mai walda a Sabon Gari: Ƙarafan kariya ba a yinsu da bututun famfon ruwa ko na ƙofar gida, ko da wani ya ce zai yi maka da araha. Bututu marar ɗinki ake sa wa, a lanƙwasa shi da inji ba da wuta ba, kuma ƙafafunsa su zauna bisa faranti mai kauri da aka kama da bene. Benen da tsatsa ta ci ba ya riƙe komai, don haka a fara ɗaga kafet a duba. Sannan ƙarfe kusa da kai ba tare da hular kwano ba haɗari ne a cikin gari. Rabi ya ishe ka, baka guda bayan kujeru.

Wani abu kuma: jant ɗin 504 goro huɗu ne a tazarar milimita 140. Yawancin na kasuwa ba sa shiga. Na 505 ka nema, kar a faɗaɗa maka rami.

Hajiya mai kanti: Ƙanena, kowa na zancen ƙarfe, ba wanda ya tambayi takardu. Kartagiris ɗin sunan wa ke kai? In na kawunka ne, a mayar da shi sunanka tun yana da rai da lafiya, kafin ka zuba ko dala. Ka duba lambar shasi ta yi daidai da ta takarda, kuma ka tambayi ofishin sufuri abin da ake bukata in za a canza launi ko inji. Salansar nan mai murya kuma, ka tuna akwai maƙwabta da masu jinya.

Ɗan Ali Ɗan Sofo: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, takardun na hannun kawu, gobe zan same shi. Na duba hotunan Safari, gaskiya sun shiga raina, fitilun nan dai sai na sa. Weber ban haƙura ba tukuna, amma na yarda su jira. Baba, in kawo batir ranar Asabar mu gwada tayar da ita?

Baba makanike: Kar ka kawo batir. Injin da ya daɗe kwance ba a murɗa masa makulli. Yau ka kwance buji huɗun, ka zuba ɗan gazuwal da man inji a kowane rami, ka bar shi ya jiƙa. Ranar Asabar da hannu za mu juya shi mu ji ko ya saki. Tankin mai a sauke a wanke, kuma daga yanzu ba ruwanta da man kwalba na bakin hanya. Ka taho da man birki da sabbin tiyo na ƙafafu huɗu, don ba za ta fita ƙofar gidan ba sai na ga tana tsayawa.